Mita 70 Daga Ƙofar Gida: Tarihin Mutanen Rossport Da Bututun Gaz

Bara ina cikin darasin labarin ƙasa da ƴan ajin da ke shirin BEPC, mun zana a allo hanyar bututun ɗanyen mai da ya taso daga Agadem, ya ratsa jahohin Diffa, Damagaram, Maraɗi, Tawa da Dosso, ya ƙare a bakin teku a Seme ta ƙasar Benin. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, to in aka ce za a bi da irinsa ta ƙofar gidanmu, babana yana da ikon ya ce a'a?" Aji ya fashe da dariya. Wani yaro daga bencin baya ya ce wane ne babanta da zai ja da gwamnati. Ni kuwa na ba ta amsar da muka saba bayarwa in ɗalibi ya ƙure mu, na ce za mu koma kan maganar wata rana.

Tambayar ta ƙi barin raina. Na yi ta neman inda talakawa suka taɓa ja da irin wannan aiki da yadda aka ƙare, har na faɗa kan labarin wani ƙauye mai suna Rossport a ƙasar Ayilan, tsibirin nan da ke yamma da Ingila. Abin da ya fara jan hankalina shi ne, cikin mutum biyar da aka kai gidan kaso a kan maganar, uku manoma ne, biyu kuwa malaman lakol ne da suka yi ritaya. Shi ya sa na ga ya dace in kawo labarin gaban malamai ƴan'uwana da iyayen yara, tun daga farkonsa, da daɗinsa da ɗacinsa.

Gaz a ƙarƙashin teku

A 1996 wani kamfanin Ingila mai suna Enterprise Oil ya gano gaz a ƙarƙashin tekun Atlantika, kimanin kilomita 83 daga gaɓar gundumar Mayo, a arewa maso yammacin Ayilan. Aka raɗa wa wurin suna Corrib. A 2002 kamfanin Shell ya saye Enterprise, ya zama jagoran aikin da kashi 45 cikin 100, tare da Statoil na ƙasar Norwe da Marathon na Amurka.

Yankin da gaz ɗin zai fito tudu ana kiransa Erris. Wuri ne na talakawa, nesa da Dublin babban birnin ƙasar, mutanensa ƴan ƙaramin noma ne da kiwon tumaki da shanu da kamun kifi, wasunsu har yau da harshensu na gado suke magana a gida. Samarinsu sun daɗe suna tafiya neman kuɗi Ingila da Amurka, da yawa ba su komowa. Wanda ya san ƙauyukan Tawa da rani ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ƙasar wurin kuma ba irin tamu ba ce. Baƙar laka ce ta ruɓaɓɓen ciyayi da ta taru shekaru dubbai, mai riƙe ruwa kamar soso, wadda in ka taka sai ka ji tana motsi.

Kamfani ya zaɓi kada ya gina wurin tace gaz a tsakiyar teku, saboda tsada. Tsarinsa shi ne a jawo gaz ɗin ta bututu har gaɓa a wani wuri da ake kira Glengad, daga nan a ratsa da shi kimanin kilomita 9 ta cikin gonaki da gefen gidajen Rossport, zuwa matatar da za a gina a Bellanaboy.

Abin da ya tayar musu da hankali

Abu huɗu ne, kuma su ne gindin rigimar duka.

Na farko, gaz ɗin ɗanye ne yadda ya fito daga rijiya, da ruwa da sauran gauraye masu iya cin ƙarfe ko toshe bututu. Na biyu, ba shi da wari. Warin nan da uwargida ke ji in tukunyar gaz ta fara yoyo a madafa ba na gaz ba ne, wani sinadari ne da ake zuba masa da gangan bayan an tace shi. Abin da ya yaɗa wannan al'ada ma masifa ce da ta faɗa wa ƴan lakol. Ranar 18 ga Maris 1937, a garin New London na jahar Texas a Amurka, gaz marar wari ya taru a ƙarƙashin ginin wata makaranta ba wanda ya sani, ya fashe ana dab da tashi, ya kashe yara da malamai kusan 300. Bayan nan ne Texas ta yi dokar tilasta sa wa gaz wari, wasu wurare suka bi sahu. To bututun Rossport kafin matata yake, ke nan in ya yi yoyo hanci ba zai gaya wa kowa ba.

Na uku, ƙarfin matsin da ke cikin bututun. Ana auna shi da ma'aunin da ake kira bar. Iskar tayar ƙaramar mota ba ta wuce bar 2 zuwa 3. Bututun Corrib kuwa an ƙera shi ya iya ɗaukar har bar 345. Kamfani ya ce a aikin yau da kullum matsin ba zai kai rabin haka ba, kuma kaurin ƙarfen ya kai milimita 27, abin da ya fi na bututan da aka saba gani. Mutanen gari suka ce, to ranar da na'urorin rage matsi da ke can ƙarƙashin teku suka ƙi aiki fa? Na huɗu, tazara. A wasu wurare mita 70 kawai ke tsakanin bututu da gidan mutum. Bai kai tsawon filin ƙwallo ba.

Tsoronsu ba na camfi ba ne, sun karanta abin da ya faru a wasu ƙasashe. A watan Agusta 2000 wani bututun gaz ya fashe kusa da Carlsbad a jahar New Mexico ta Amurka, wutar ta kashe mutum 12 ƴan dangi ɗaya da suka yada zango a bakin kogi, kimanin mita 200 daga wurin, alhali matsin bututun bai kai bar 50 ba. Ranar 30 ga Yuli 2004 wani ya fashe a Ghislenghien ta ƙasar Beljiyam, mutum 24 suka mutu, bayan injinan gini sun riga sun raunata bututun makonni kafin nan. Gaskiya ne waɗancan bututan sun fi na Corrib faɗi. Amma mai gida a mita 70 da ya ji an ƙone a mita 200, ba zai yi barci da wannan bayani ba.

Sun kuma san ƙasarsu, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ranar 19 ga Satumba 2003 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, tudun Dooncarton da ke saman Glengad ya zaftare, laka ta rufe hanyoyi, ta lalata gidaje, ta kwashe wani sashe na maƙabarta. Wannan kuwa dab da inda aka ce bututu zai fito daga teku.

Takardu da sa hannu

Matatar Bellanaboy ta bi hanyar neman izinin gini kamar kowane babban gini, aka yi zaman sauraron jama'a. Micheál Ó Seighin, malamin sakandare mai ritaya, da Maura Harrington, shugabar wata lakol firamare a yankin, suna cikin waɗanda suka zauna suka karanta takardun aikin masu cike da kalmomin injiniyoyi, suka tsaya gaban hukuma suna tambaya. A watan Afrilu 2003 hukumar ƙoli mai ba da izinin gine-gine, wadda a lokacin ake kira An Bord Pleanála, ta hana izinin, bayan mai bincikenta Kevin Moore ya rubuta cewa wurin da aka zaɓa bai dace ba ta kowace fuska. Kamfani ya sake shiri, ya ce zai kwashe lakar wurin ya kai ta wani fili daban, aka ba shi izini a Oktoba 2004.

Bututun kuwa, wanda shi ne zai bi ta ƙofar gidaje, bai bi ta wannan hanya ba ko kaɗan. Sa hannun minista kawai ya wadatar a dokar lokacin. A 2002 ministan da ke kula da teku da albarkatun ƙasa, Frank Fahey, ya amince da aikin, ya kuma sa hannu a takardun da suka ba kamfani ikon ratsa gonakin mutane ko suna so ko ba su so. Akasarin masu gonaki suka karɓi diyya suka sa hannu. Ƴan kaɗan suka ƙi, suka ce a fara nuna musu shaidar cewa abin ba zai halaka su ba.

Gwamnati ta ce za ta sa wani kamfani mai zaman kansa ya duba lissafin haɗarin da Shell ya gabatar. A 2005 sai ta bayyana cewa kamfanin da aka ba aikin, British Pipeline Agency, rabinsa mallakar Shell ne. Kura ce aka ba ajiyar nama. Daga wannan rana duk takardar da aka kawo wa mutanen Rossport da ido biyu suke kallonta.

Kwana 94

A farkon 2005 ma'aikatan kamfani suka fara shiga gonaki don kafa turaku, masu gonaki suka tare su. Kamfani ya tafi Babbar Kotu a Dublin, a watan Afrilu ya samo umarnin hana kowa tsare masa aiki. Mutanen suka ci gaba da tsayawa a gonakinsu. Ranar 29 ga Yuni 2005 alƙali ya tura mutum biyar gidan kaso na Cloverhill bisa laifin raina kotu: Willie Corduff, Brendan Philbin, Philip McGrath da ɗan'uwansa Vincent McGrath, da Micheál Ó Seighin. Vincent da Micheál su ne malaman.

Irin wannan ɗauri ba shi da wa'adi. Ranar da ka ba kotu haƙuri ka yi alkawarin ba za ka ƙara tare aiki ba, ranar za ka koma gida. Wato makullin yana hannunsu. Suka ce ba za su iya yin alkawarin da zai sa iyalinsu cikin haɗari ba, suka zauna. Damina ce ta aikin gona a can, matansu da ɗiyansu da maƙwabta suka riƙe gonaki da dabbobi, suka kuma riƙe maganar a gidajen rediyo da tarurruka.

Kafin ɗaurin, ƴan Ayilan kaɗan ne suka san sunan Rossport. Bayansa sai ƙasar ta ɗauka. Aka riƙa zanga-zanga a gidajen mai na Shell da Statoil, mutanen yankin suka tare ƙofar Bellanaboy har aikin matata ya tsaya sama da shekara guda. Ƙungiyar da ta jagoranci gwagwarmayar sunanta Shell to Sea, ma'ana Shell ya koma teku ya tace gaz ɗinsa a can. Ba su ce kada a haƙo gaz ba. Ana cikin haka aka gano kamfani ya riga ya haɗa wani sashe na bututun ba tare da izinin minista ba, ministan lokacin Noel Dempsey ya umarce shi ya warware. Ranar 30 ga Satumba 2005 kamfani da kansa ya nemi kotu ta janye umarnin, aka saki mutanen bayan kwana 94. Washegari dubban mutane suka yi maci tare da su a Dublin.

Akwai wani zare da ya haɗa wannan labari da maƙwabtanmu na Najeriya. Mutanen Erris sun san labarin Ken Saro-Wiwa da ƴan'uwansa takwas na ƙabilar Ogoni da gwamnatin Abacha ta rataye ranar 10 ga Nuwamba 1995, bayan gwagwarmayarsu kan ɓarnar mai a yankin Neja Delta. Sun kafa alamomi ɗauke da sunayen mutanen tara a bakin ƙofar Bellanaboy. Wata sista ƴar Ayilan, Majella McCarron, wadda ta yi shekaru tana aiki a Najeriya kuma Saro-Wiwa ya riƙa rubuto mata wasiƙu daga inda yake tsare, ta zo Erris tana sa ido kan abin da ke faruwa.

Shekarun ɗaci

Da labarin ya ƙare a nan da ya yi daɗin ba yara. Bai ƙare ba. A watan Mayu 2006 kamfanin bincike na Advantica, wanda gwamnati ta ɗauka bayan ɗaurin, ya ba da shawarar a ƙayyade matsin bututun tudu a bar 144. Shell ya amince, ya kuma nuna nadama kan ɓacin ran da ɗaurin ya jawo. Mai shiga tsakani da gwamnati ta naɗa, Peter Cassells, ya ce a sauya hanyar bututun a kusa da Rossport. Amma maganar matata a tudu ba ta sauya ba, kuma a Oktoba 2006 aka kawo ƴan sanda masu yawa suka buɗe ƙofar Bellanaboy da ƙarfi. A Nuwamba suka yi amfani da kulake. Shekarun da suka biyo baya na kame ne da shari'a da jin rauni da zargin juna. A 2007 aka ba Willie Corduff lambar yabo ta Goldman, wadda ake ba masu kare muhalli a duniya. A Satumba 2008 Maura Harrington ta yi yajin cin abinci na kwana goma a cikin motarta, don jirgin ruwan shimfiɗa bututu mai suna Solitaire ya bar gaɓarsu. Ita ma daga baya ta shiga gidan kaso fiye da sau ɗaya.

Abin da ya fi ciwo a cikin gari ya faru. Ɗaruruwan mutane sun samu aiki a ginin matata, a yankin da aiki ke wuya. Kamfani ya ba da kuɗi ga ƙungiyoyin gari, ya ba ɗaliban sakandaren yankin tallafin karatun jami'a. Wanda ɗansa ya samu aiki ko tallafi, da wanda mahaifinsa ya kwana a kaso, a coci ɗaya suke ibada, ɗiyansu a aji ɗaya suke zama. Maƙwabta suka daina gaisawa. Su kansu masu adawa suka rabu: wasu suka goyi bayan shawarar da limaman coci uku na yankin suka kawo, ta a kai matatar wani wuri da ba kowa a bakin teku mai suna Glinsk, wasu suka ce teku ko ba komai. Fim ɗin The Pipe da aka fitar a 2010 ya nuna wani taron gari inda mutanen da suka tashi tare suke yi wa juna tsawa. Duk malamin da ya taɓa koyarwa a garin da rigimar sarauta ko ta siyasa ta raba, ya san yadda irin wannan ke biyo yara har cikin aji.

Ranar da hukuma ta ce suna da gaskiya

A 2008 kamfani ya kawo sabuwar hanya mai tazarar mita 140 daga gidaje. Wannan karo doka ta riga ta sauya, dole bututun ya bi ta gaban An Bord Pleanála. Aka yi zaman sauraron jama'a na makonni a garin Belmullet a 2009, inda manoma da masunta da malamai suka yi wa injiniyoyin kamfani tambayoyi baki da baki: in ya fashe, wutar za ta kai ina? Mutum yana da daƙiƙa nawa ya gudu? Ina zai ɓuya? A Nuwamba 2009 hukumar ta yanke cewa fiye da rabin sabuwar hanyar ba abin amincewa ba ne, saboda kusancinta da gidaje. A lura, wannan hanya ta ninka tazarar wadda aka ɗaure mutum biyar a kanta shekara huɗu kafin nan.

A Janairu 2011 aka amince da hanya ta uku. Aka haƙa rami mai tsawon kilomita 4.9 a ƙarƙashin mashigin ruwa na Sruwaddacon, bututun ya bi ta ciki, ya kauce wa Rossport. Gida mafi kusa ya koma mita 234, matsin bututun tudu aka ƙayyade shi a bar 100. Wani ma'aikaci ɗan Jamus ya rasa ransa a cikin ramin a 2013. Gaz ya fara gudana ranar 30 ga Disamba 2015, alhali a tsarin farko 2003 aka sa. Aikin da aka yi wa kasafin kimanin Yuro miliyan 800, wato sefa miliyar 525, ya ci sama da Yuro miliyar 3 da rabi. A ganiyarsa Corrib ya ba Ayilan kusan kashi 60 cikin 100 na gaz ɗin da take buƙata. A 2017 Shell ya sanar da sayar da kasonsa ga wata hukumar fansho ta Kanada, ya tafi. A Satumbar wannan shekara kuma gaz marar wari ya kuɓuce daga matatar ya shiga bututan gidaje, aka umarci dubban mutane a Mayo da Galway su rufe gaz ɗinsu har a gyara.

To wa ya ci nasara? Matata tana nan a Bellanaboy inda mutanen suka ce ba su so. Bututu kuwa bai bi ta ƙofar gidajen Rossport ba. Kamfani ya yi asarar shekara 12 da kuɗi mai yawa, gari ya yi asarar zumunci. Tambayoyin da aka amsa a 2009 su ne dai waɗanda aka yi tun 2002. Da an zauna an amsa su a lokacin, da ba a kai ga kaso da kulake ba.

Abin da ya shafe mu

Bututan da ke ƙasarmu yanzu, na Agadem zuwa matatar SORAZ da aka buɗe a 2011 da na Agadem zuwa Seme, ɗanyen mai suke ɗauka. Amma maganar gaz tana tafe. Tun 2009 Nijar da Najeriya da Aljeriya suka sa hannu a Abuja kan bututun gaz da zai ratsa Sahara, mai tsawon sama da kilomita 4,000, suka sabunta maganar a birnin Aljas a Yuli 2022. Najeriya ta fara gina nata sashe mai kilomita 614 daga Ajaokuta ta Kaduna zuwa Kano. Duk mai kallon taswira ya san abin da ke arewa da Kano: garuruwa da gonakin kudancin Nijar, inda jama'armu ta fi yawa. Ni ina cikin masu fatan alherin wannan aiki. Ƙasar da mata ke tafiyar sa'o'i neman itacen girki ba za ta raina gaz ba.

Nijar ba Ayilan ba ce, kuma ba ina kiran kowa ya tare hanya ko ya nemi kaso ba. Abin da na ɗauko daga Rossport ya fi haka sauƙi. Tazarar da ke tsakanin bututu da ƙofar gida a kan takarda ake yanke ta, tun kafin a haƙa rami, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Dokokinmu sun bar ƙofa ga wannan. Doka mai lamba 2018-28 ta 14 ga Mayu 2018 ta wajabta binciken tasirin manyan ayyuka kan muhalli da jama'a tare da jin ta bakin waɗanda abin ya shafa, kuma hukumar BNEE ce ke duba rahotannin. Dokar karɓar fili don amfanin jama'a, mai lamba 61-37 ta 1961 da aka gyara a 2008, ta tanadi a buɗe bincike a saurari ƙorafi, a kuma biya diyya kafin a karɓi fili.

Inda muke faɗuwa shi ne, in aka kira irin wannan taro a fadar maigari ko a ma'aikatar magajin gari, maganar diyya ce ke cinye zaman: kadada nawa, icce nawa, jikka nawa. Haƙƙi ne, a nema. Amma rahoton da ke ɗauke da maganar rai da mutuwa da Faransanci yake, mai kauri, kuma a ƙauyuka da yawa wanda zai iya karanta shi ya fassara wa mutane bai wuce mushen lakol da ma'aikacin asibiti ba. Nauyin a kanmu yake, mu da ƴan COGES da ƙungiyar iyayen yara da ta iyaye mata. Tambayoyin ba su da yawa. Me zai bi ta cikin bututun, tatacce ne ko ɗanye, yana da wari? Matsinsa bar nawa ne a kullum, kuma bar nawa ne iyakarsa? In ya fashe, zafin wutar zai kai mita nawa? Mita nawa ne tsakaninsa da lakol, da rijiya, da kasuwa, da gida mafi kusa? Ina wurin rufe shi mafi kusa, wa ke riƙe da shi, wace lamba za a kira da tsakar dare? Wa ya yi binciken haɗarin, wa ya biya shi? A nemi amsa a rubuce, a ajiye kofi a ofishin darektan lakol.

Sannan tazarar da aka samu sai an tsare ta. Ranar Lahadi 15 ga Maris 2020 wata fashewa a kan hanyar bututan mai a unguwar Abule Ado ta Legas ta kashe mutum sama da 20, ta rusa makarantar kwana ta ƴanmata ta Bethlehem. Shugabar makarantar, Sista Henrietta Alokha, ta rasu tana fitar da ɗalibanta. A Legas gari ne ya yi ta girma har ya rungume bututu. Mu ma mun ga yadda Maraɗi da Damagaram suka cinye gonakin da ke kewaye da su cikin shekara ashirin. Bututun da ke daji yau, gobe yana tsakiyar unguwa, in masu yanka filaye da masu saye ba su girmama turakun da aka kafa ba. Uba mai shirin sayen fili ya tambayi abin da ke binne a ƙarƙashinsa kafin ya tambayi kuɗinsa.

Na koma wa ɗalibata da amsa kafin ƙarshen shekara. Na ce mata a'ar babanta shi kaɗai ba za ta tsayar da aikin da hukuma ta ce na amfanin jama'a ne ba, a nan ko a Ayilan. Amma yana da haƙƙin a saurare shi, a biya shi, a kuma gaya masa gaskiyar abin da za a binne kusa da ɗakin da ɗiyansa ke kwana. Na ba su labarin mutum biyar ɗin da alƙalumansa: daga mita 70 zuwa 234, daga bar 345 zuwa 100, da kwana 94 a kaso, da maƙwabtan da suka daina gaisawa. Daga nan muka ɗauki igiya mai mita goma muka fita, muka auna mita 70 daga ƙofar lakol. Igiyar ta ƙare a gindin bedin da mai ƙosai ke zama, ko rijiyar unguwa ba mu kai ba. Yaron nan na bencin baya shi ya riƙe bakin igiyar, kuma shi ya ce mu ci gaba har 234 mu gani.

Allah ya ba ƙasarmu albarkar abin da ke cikinta, ya kiyaye mu da ɗiyanmu daga sharrinsa.